Yadda Ake Gwada Takalmin Hoki na Ƙanƙara Kafin a Biya Kuɗinsa

Ƙanƙara ba ta sauka a Accra, amma takalminta yana shigowa. Wani lokaci a fasa dilar takalma a Kantamanto a tarar da shi kwance cikin kambas, mai kaya ya rasa kuɗin da zai yanka masa. Wani lokaci yaro ne daga Nima ko Madina ya bi iyayensa Toronto ko Montreal, aka sa shi a ƙungiyar unguwa, aka bugo wa kawu waya ya taimaka da kuɗin takalmi. Akwai kuma samari masu gudu da takalmin taya, waɗanda ke neman ƙoƙon takalmin kawai don su cire wuƙar ƙarfen da ke ƙasansa su ɗaura taya. Hokin da ake nufi a nan ba irin wanda ake bugawa a filin Theodosia Okoh ba ne. Wannan na kan ƙanƙara ne, wanda Kanada ta yi suna da shi.

Manyan samfuran kamfanonin Bauer, CCM da True, in sababbi ne, suna kai dala 1,000, wasu su haura. Abin da mai saye ya kamata ya riƙe tun farko shi ne, tsadar nan tauri da rashin nauyi take saya, ba daɗin ƙafa ba. Takalmi mai araha yana da laushi, in bai dace da ƙafa ba a hankali zai saki. Mai tsada an gina shi da kabon, wato wani zare mai tauri mara nauyi, don kada ya saki, saboda haka in bai dace ba ƙafar ce za ta sha wuya. Kusan duk gwajin da zai nuna maka ya dace ko bai dace ba ana iya yin sa a kan tabarma a cikin ɗaki, ba sai an taka ƙanƙara ba.

Fara sanin abin da ke hannunka

Juya takalmin ka duba ƙasansa. In gaban wuƙar yana da haƙora, na masu rawar ƙanƙara ne, ba na hoki ba. In takalmin gajere ne a wuya, wuƙarsa doguwa kuma kusan a miƙe, na mai tsaron gida ne. Na ɗan wasan fili wuƙarsa a lanƙwashe take gaba da baya, kaurinta kamar milimita 3, tana zaune cikin wani farin mariƙi na roba mai ƙarfi wanda aka ɗaure da ribit, wato ƙananan ƙusoshin da ake danne bakinsu, a ƙasan takalmin.

Sauran sassan da za a riƙa ambata: ƙoƙon takalmi, wato bangon da ya rungume diddige da idon sawu, hular yatsu mai tauri a gaba, harshe mai kauri, kariyar agara da ta miƙe sama ta baya, shimfiɗar ciki wadda ake iya zarewa, da ramukan igiya.

Sunan samfurin yana jikin ƙoƙon. A Bauer akwai layin Vapor da Supreme, manyansu irin su Hyperlite, Ultrasonic, Mach da Shadow. A CCM akwai Jetspeed, Tacks da Ribcor, kuma wanda sunansa ya ƙare da Pro galibi yana sama-sama a layinsa. Babban samfuri in ka ɗaga shi ba ya kai kilo 1, kana ganin saƙar kabon a jikinsa, kuma wuƙarsa ana cire ta ba tare da an kwance mariƙin ba: a Bauer da ɗan kunama da ke ƙarƙashin diddige, a CCM da ɗan abin murzawa a baya.

Lamba

A nan aka fi tafka kuskure. Lambar takalmin ƙanƙara ba ta tafiya daidai da ta takalmin yawo. Tana ƙasa da lambar Amurka ta maza da 1 zuwa 1.5. Mu a Ghana lambar Turai muka fi sani, don haka mai sa 43 zai fara gwaji ne daga 8 ko 8.5. Ɗaga harshen takalmin, akwai takarda a ciki da ke nuna lambobin duka. Daga 7 zuwa sama na manya ne, 4 zuwa 6.5 na matasa, 1 zuwa 3.5 na yara. Rabin lamba kusan milimita 4 ne kacal, amma a wannan takalmin milimita 4 ba wasa ba ne.

Bayan tsawo akwai faɗi da zurfi. Tsofaffin takalma suna ɗauke da D na matsakaiciyar ƙafa, EE na mai faɗi. Sababbin Bauer suna da Fit 1 na siririyar ƙafa mara tudu, Fit 2 na tsakiya, Fit 3 na mai faɗi da tudu. CCM kuma ta raba nata Tapered, Regular da Wide. Wanda ya tashi da silifa sau da yawa gaban ƙafarsa ya fi bajewa, sai ya ji takalmi ya matse shi ta gefe ya ce a ƙara lamba. Wannan ba magani ba ne. Ƙara lamba tsawo yake ƙarawa, diddige ya samu wurin yawo, kuma wuƙar ta koma inda ba nan nauyin jiki yake sauka ba. Faɗi ake canzawa, a bar tsawon yadda yake.

In takalmin daga waje za a aiko, a auna ƙafa da yamma, lokacin da ta ɗan kumbura. A shimfiɗa takarda a kan siminti, a jingina diddige da bango, mutum ya tsaya da nauyinsa duka a kai, wani ya zagaye ƙafar da biro a tsaye cak. A auna tsawo da wuri mafi faɗi da milimita, ƙafa biyun duka, domin da wuya su zo daidai. Babbar ake bi. Wanda ke Kanada kuwa ya je shago da kansa, manyan shagunan suna da na'urar ɗaukar siffar ƙafa. Na'urar tana nuna inda za a fara ne kawai, hukunci yana wurin ƙafa.

Sakawa

Sa siririyar safa mai tsawo, irin wadda za a yi wasa da ita. Safa mai kauri ko biyu tana ɓoye gaskiya. Kada a tsaya da wuƙar a kan siminti ko tayil, a shimfiɗa kwali mai kauri ko darduma.

Kafin komai zare shimfiɗar ciki, ajiye ta a ƙasa ka taka, diddige daidai da ƙarshenta. Babban yatsa ya kamata ya kusa kai bakin. In akwai sauran wuri da ya kai faɗin yatsan hannu, takalmin ya yi yawa. In ƙafar ta zubo sosai ta gefe biyu, ya yi siriri. Mayar da ita.

Sassauta igiya har ƙasa, jawo harshen gaba, zura ƙafa kana zaune. Tura ƙafar gaba har yatsu su taɓa hula, sannan ka gwada sa yatsan hannu a bayan diddige. Ga babba, bai kamata yatsa ya shige cikin sauƙi ba. Ga yaro mai girma, yatsa ɗaya ya isa, wato rabin lamba na girma, ba fiye ba. Dabarar nan tamu ta saya wa yaro takalmi da lamba biyu a sama don ya kai baɗi, a nan cutar da shi take yi: idon sawunsa zai riƙa karyewa ciki, a ce ƙafarsa ce ba ƙarfi, alhali takalmin ne.

Yanzu ɗaga gaban takalmin ka buga bayan wuƙar a kan kwalin sau biyu ko uku don diddige ya faɗa gurbinsa. Kafin ka ɗaure, yi gwajin fensir. Harshe yana waje, ka ɗora fensir a gicciye kan ramukan igiya na uku daga sama. In fensirin ya kwanta a kan gefe biyu na takalmin bai taɓa ƙafa ba, ko ya ɗan shafe ta kaɗan, zurfin ya yi. In ya hau kan doron ƙafa yana lilo, takalmin ba shi da zurfin da ƙafarka ke so, kuma igiya za ta ci jijiyar gaban ƙafa ko yaya aka ɗaure. In kuma akwai rata babba tsakanin fensir da ƙafa, ya yi zurfi, za ka yi ta jan igiya har gefe biyun su kusa haɗewa ba ka samu riƙo ba. Wannan gwajin ba ya cin minti ɗaya, amma ya fi duk wani bayanin mai shago amfani.

Sai ɗauri. Ramuka uku ko huɗu na ƙasa a ja su daidai wa daida, yatsu su iya motsi. Tsakiya, kan doron ƙafa, kada a matse. Inda ake ja da ƙarfi shi ne daidai lanƙwasar ƙafa, ramuka na uku zuwa na biyar daga sama, domin nan ne ke danna diddige baya. Na sama biyu a bar su da ɗan sauƙi. Kada a naɗe ragowar igiya a wuyan takalmi. Yana hana lanƙwasawa gaba, yana kuma karya ƙoƙon da wuri. In igiyar ta yi tsawo a canza ta, ana sayar da su inci 96, 108 da 120, kuma mai kakin zuma ta fi riƙe ɗauri inda aka bar shi.

Miƙe tsaye, gwiwa a miƙe. Yatsu su ɗan shafi hular, shafa kawai, ba naɗewa ba. Sannan ka durƙusa kaɗan yadda ɗan wasa ke tsayawa, gwiwa ta zo saman yatsu. Yatsun za su ja baya su bar hular. In a tsaye ma ba ka ji hular ba, rage rabin lamba. In ka durƙusa suna nan a matse, ƙara rabi.

Abin da ya fi komai shi ne diddige. Ka dafa bango, ka jingina nauyi gaba, ka yi ƙoƙarin ɗaga diddige a cikin takalmin yayin da wani ya danne bayan mariƙin da hannu. Bai kamata ya motsa ba. Ɗan ɗagawar da kake ji kamar ba komai ba, a kan ƙanƙara shi ne bororo, shi ne ƙarfin turi da ke ɓacewa, kuma in aka daɗe a haka ƙashin bayan diddige yana yin ƙullutu mai ciwo. Matsi a gefen yatsa ana gyara shi. Diddige mai yawo kuwa ba a cika gyara shi ba; a ajiye takalmin a nemi wani.

Kada a cire da wuri. A zauna da shi, a tsaya, a taka a kan darduma minti 15 zuwa 20. Yaro in ka tambaye shi ko ya yi, zai ce, "Ya yi, Baba," don yana tsoron kada a fasa saye. Tambaye shi takamaimai: "Babban yatsanka yana taɓa gaba? Nuna mini da hannu inda ya fi matse ka." In an cire, a zare safa a duba ƙafar da ido. Ja-ja ko'ina daidai ba damuwa. Tabo guda mai duhu a kan ƙashi, musamman idon sawu, tushen ƙaramin yatsa, ko ƙashin nan da ke fitowa a cikin ƙafa sama da kwarin tafi, shi ne wurin da zai yi ciwo. In yatsu sun mutu ko suna tsikari, ko dai faɗin ya gaza ko an matse tsakiya.

Maganar tauri ma a duba ta. A durƙuson nan, in mutum ya kasa kai gwiwa saman yatsu ko da an bar ramin sama ba igiya, takalmin ya fi ƙarfinsa. Babban samfuri an yi shi ne don mai nauyi da ƙarfi wanda ke wasa sau da yawa a mako. Ɗan koyo ko yaro mara nauyi, samfurin tsakiya ya fi masa, kuma sai ya fi saurin ƙwarewa a cikinsa. Kawun da zai tura kuɗi ya ji wannan da kyau.

In na gwanjo ne

Da farko tabbatar ƙafa biyun 'yan gida ɗaya ne: lamba ɗaya, faɗi ɗaya, da lamba ɗaya a jikin mariƙi. Wannan lambar, irin 263, 272 ko 280 a Bauer, tsawon mariƙin ne da milimita, kuma da ita ake sayen sabuwar wuƙa.

Kama wuyan takalmin ta gefe biyu, sama da idon sawu, ka matsa da hannu ɗaya. Mai rai zai ƙi. In gefen suka haɗu cikin sauƙi, ko ka ga layin karaya a gicciye wajen rami na uku ko na huɗu, ƙoƙon ya mutu, kuma ba shumekan da zai dawo da shi. Lanƙwasa kariyar agara a hankali ka duba tushenta. Bi ramukan igiya ɗaya bayan ɗaya. Wanda zobensa ya fita ana sa wani, amma wanda ya yage har baki babban aiki ne. Zura hannu ka shafa cikin diddige, in rufin ya cinye har kana jin roba mai tauri, riƙon ya tafi.

Sai ka zare shimfiɗar ciki ka haska da fitilar waya. Ribit ɗin suna nan a jere, yawanci na ƙarfe, da na jan ƙarfe kaɗan. Gumi yana taruwa a nan, tsatsa ta cinye su ba a gani daga waje. Riƙe ƙoƙon da hannu ɗaya ka murɗa mariƙin da ɗaya. In ya motsa ko ya yi ƙara, ribit sun saki. Wannan ana gyarawa, kuma dalili ne na rage kuɗi. Tsagewa a ƙasan takalmin kusa da ribit kuwa dalili ne na barin sa. A duba mariƙin kansa, musamman wuyan gaba da na baya inda yake fashewa.

Wuƙar, ɗora rula ta ƙarfe a gefenta ka gani ko ta lanƙwashe. Duba abin da ya rage na tsayinta, domin kowane washi yana cin ta. Tsatsa ta sama-sama tana fita, amma wadda ta yi ramuka a bakin kaifi sai an ci ƙarfe da yawa. A babban samfuri wuƙa ba abin tsoro ba ce tunda ana canza ta. Ƙoƙon ake saye.

Gasawa

Babban takalmi an yi shi ne a ɗumama shi ya ɗauki siffar ƙafar mai shi. Shagunan waje suna da tanda ta musamman don haka, kuma wanda ya sayi sabo can ya bari su yi, domin lalacewar da ta faru a tandar gida kamfani na iya ƙin karɓarta. Zafin kusan digiri 80 ne a ma'aunin Salsiyos, mintunan kuma sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka takardar da ta zo da takalmin ita ce gaba.

Wanda ba shi da wannan hanyar, ga yadda ake yi a gida. A kunna tanda ta kai 80, a tabbatar da ma'aunin zafi daban don lambar jikin tanda tana ƙarya, sannan a kashe ta. A sassauta igiya, a cire murfin wuƙa, a kwantar da ƙafa ɗaya a kan tire yadda ba ta taɓa bango ko ƙarfen wuta ba. Daga minti 3 a riƙa taɓa gefen. Da ya fara laushi a fitar, kada a wuce minti 8. Kurfoti, wutar gas a buɗe, ko ruwan zafi ba sa cikin lissafi, gam ɗin zai saki kabon ya rabu.

A zauna a kujera da siririyar safa, a zura ƙafa, a buga diddige baya. Zoben ramukan suna da zafi kuma wurinsu ya yi laushi, don haka igiya ana jan ta ne gefe, ba sama ba, in ba haka ba zoben ya tsinke. A ɗaure kamar kashi uku cikin huɗu na ɗaurin wasa. Wani ya danna gefen diddige da idon sawu da tafin hannu. A zauna minti 10 zuwa 15, gwiwa a lanƙwashe, wuƙa a ƙasa, ba tafiya ba durƙuso. A sassauta sosai kafin a cire, a yi wa ɗayar, a bar su awa 24 kafin a yi wasa.

Gasawa tana gyara ƙananan wurare ne. Ba ta ƙara tsawo, ba ta mayar da babban takalmi ƙarami. Kuma ba a yawaita ta. Sau biyu ko uku a rayuwar takalmi ya isa. In bayan an gasa wuri guda yana ci gaba da cizo, a shafa janbaki a kan ƙashin da ke ciwo, a zura ƙafa ba safa, a cire. Tabon da ya fito a rufin ciki shi ne daidai inda za a ɗumama a tura waje da abin matsi. Milimita 2 a wurin da ya dace sun isa su kashe ciwon.

Wuƙa da kaifinta

Ƙasan wuƙar ba a baje yake ba, kuma ba baki ɗaya ne da shi ba. Yana da kwarmi a tsakiya da kaifi biyu, na ciki da na waje, kamar an tsaga gora biyu an kifa. Shi ya sa ba a kai ta wurin mai wasa wuƙaƙen kasuwa. Dutsensa zai share kwarmin a minti ɗaya. Injin washinta daban ne, kuma sabuwar wuƙa ma galibi sai an wasa ta kafin a hau.

Kwarmin ana faɗinsa da inci, amma lambar ba zurfinsa ba ce, rabin faɗin da'irar da lanƙwasarsa ke bi ce. Rabin inci, kusan milimita 13, shi aka fi yi. 3/8 ya fi zurfi, yana cizon ƙanƙara sosai amma yana rage gudu yana gajiyar da ƙafa. 5/8 da 3/4 sun fi baje, suna sulɓi da kyau, cizonsu kaɗan. Lura cewa ƙaramar lamba ita ce mai zurfi. Mai nauyi yana nutsa wuƙa da jikinsa, don haka 5/8 ta fi masa. Mara nauyi ya fara da rabi. Lanƙwasar wuƙar daga gaba zuwa baya kuma ita ma da rabin faɗin da'irarta ake auna ta, a ma'aunin ƙafa mai inci 12, yawanci ƙafa 9 zuwa 13: ƙarama tana saurin juyi, babba tana ba da natsuwa da gudu. Ɗan koyo ya bar wannan yadda ya zo.

Don duba washi, kifa takalmin wuƙa tana sama, ɗora sulen pesewa 50 a kan kaifin, ka hango daga ƙarshe. In sulen ya karkata, baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Sannan ka goga farce a gicciye a wurare uku na kowane baki; mai kaifi yana kankare farce kaɗan. A gicciye, ba a tsawo ba, don tana yanka.

A kan ƙanƙara

Kada a yanke wa takalmi hukunci a ranar farko. Yana buƙatar hawa kaɗan kafin ya zauna. Amma akwai abin da ake dubawa tun farko. A tura a sulala da ƙafa ɗaya a miƙe, sannan ɗayar. In ƙafa ɗaya kullum tana jan ciki ko waje, a fara zargin washi, a sake gwajin sule. In washi daidai ne, a hango mariƙin daga baya ko an ɗaura shi a karkace. In shi ma lafiya, ƙafar ce ke faɗawa ciki, kuma shimfiɗar ciki mai tallafar kwarin tafi, irin ta kamfanin Superfeet, tana taimakawa. Masu gyara kuma suna sa ɗan siririn abu tsakanin mariƙi da takalmi don daidaita shi.

A gwada tsayawa ta gefe biyu. Wuƙa mai karkarwa tana tsalle a wurin birki, kwarmi ya yi zurfi. Mai zamewa a kwana, ya yi baje ko kaifi ya tafi. Yawancin 'yan wasa suna washi bayan awa 10 zuwa 15 na hawa. A kwana mai ƙetara ƙafa ne diddige mai yawo ke tona kansa. Ciwo mai zafi a gaban lanƙwasar ƙafa, inda igiya ta ratsa, shi ne abin da fensir ya yi gargaɗi a kai: a tsallake ramin da ke daidai wurin, a zura igiya daga waje zuwa ciki, ko a sa ɗan matashi mai laushi ƙarƙashin harshe. Ciwon tsoka a tafin ƙafa a minti 10 na farko sau da yawa matse tsakiya ne. Gajiya tana wucewa da sabo, amma ciwon ƙashi a wuri guda ba ya wucewa sai an taɓa takalmin.

Ajiya da ɗaura taya a nan gida

Iskar teku da laimar Accra suna cin ƙarfe da sauri, damina a Kumasi ma haka. A goge wuƙa ta bushe, a shafa mata mai kaɗan, a sa mata rigar yadi. Murfin roba na tafiya ne, in aka ajiye ta a ciki ruwa yake riƙewa. A zare shimfiɗar ciki bayan kowane amfani, a busar a inuwa gaban fanka. Kada a shanya a rana ko a kan kwano, kada a bar shi a but ɗin mota da tsakar rana, tunda zafi ne ke sa shi canza siffa.

Mai son ɗaura taya, duk gwajin ƙafa na sama ya shafe shi. Kafin a cire mariƙin, a ja layi a ƙasan takalmin gaba da baya daidai inda wuƙar take, domin a kan wannan layin firam ɗin tayar, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin, zai zauna. A huda ribit ɗin da abin huji daga ciki a hankali, kada a faɗaɗa ramin. A ɗora firam, a sa alama, a ɗaure da ƙusa biyu tukuna, ɗaya gaba ɗaya baya, a tsaya a kai a gani ko ƙafa tana faɗawa gefe kafin a huda sauran. Noti mai bajajjen kai ake sawa ta ciki don kada ya soki tafi, tsofaffin ramukan kuma a toshe su da gam mai ƙarfi.

Firam ɗin hoki na manya da yawa yana ɗaukar taya milimita 76 guda biyu a gaba, 80 guda biyu a baya, da boris mai lamba 608. Taurin taya yana rubuce a jikinta: 74A zuwa 76A na daben cikin ɗaki ne, kwalta za ta cinye su nan da nan, na titi a nemi 82A zuwa sama. Taya tana cinyewa ta gefen ciki, don haka a riƙa juya ta ana musanya tsakanin ƙafa biyu, amma 76 ta koma gurbin 76, 80 ta koma na 80. Firam ɗin hoki ba ya zuwa da birki, saboda haka a koyi tsayawa a fili mai faɗi kafin a kusanci titin da trotro ke bi.